Masu fama da ciwon fungus mai tafiya yana dawowa, ku zo mu ji yadda kowa ya yi

Maman Ikram: Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah duk wadda ta taɓa fama da ƙaiƙayin nan na gaba da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo ta faɗa min yadda ta rabu da shi. Bana kaɗai sau biyar ke nan yana dawo min, in sha fluconazole ya lafa, wata biyu bai cika ba ya sake tasowa. Abin da ya fi ci min rai shi ne masu cewa rashin tsafta ne, wallahi ba wanda ya kai ni kula da jikina.

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Yar uwa ki fara auna suga tukuna. Ni shekara biyu na yi ina shan maganin sanyi kala-kala, na kemis da na gargajiya, ashe ciwon suga ne ban sani ba, ga fitsari da daddare ga ƙishirwa duk ban kawo komai a raina ba. Tunda sugan ya daidaita sau ɗaya kawai ya dawo min.

Anti Balki: Ni nas ce, kuma ni ma ya same ni bayan haihuwata ta biyu da aka ɗora ni kan antibayotik na kwanaki. Maganin yana kashe har bakteriya masu amfani da ke hana candida, wato fungus ɗin da ke kawo wannan ƙaiƙayin, yaɗuwa, sai ita ta samu fili. Kuma ba kowane ƙaiƙayi ne candida ba fa, ki je a ɗauki swab, wato a dangwali ruwan da auduga a kai lab, a tabbatar. In ya kai sau huɗu a shekara likitoci kan ɗora mace kan fluconazole sati-sati har wata shida, amma mai ciki kar ta sha sai likita ya gan ta.

Abu Fahad: Nawa makero ne a cinya. Wani mai kemis ya ba ni kirim ɗin nan mai haɗin magani uku, kwana biyu ƙaiƙayin ya tsaya na ce alhamdulillah, ina dainawa ya dawo ya ninka faɗinsa har ya hau ciki. Likitan fata ne ya ce min sitiroyid ɗin da ke cikin kirim ɗin ke danne garkuwar fata, shi kuma fungus ɗin yana ta ci ta ƙasa. Wata biyu na yi kan magani kafin ya mutu.

Hauwa Zinder: To ni tambayata daban ce. Gidanmu ni da yayata da mamanmu duk muna da shi, har farcen ƙafar mama ya yi kauri ya lalace shekaru da yawa, kuma an auna mu ba suga ba HIV. Ana gadon abin nan ne?

Ɗan Lab: Hajiya Hauwa tambayarki ta taɓo abin da na yi seminar a kai a ajin ƙarshe, kuma ni da kaina nake duba swab ɗin nan a madubin lab ina ganin candida tana fitar da zare-zare. Bangon jikin fungus da wasu nau'ukan suga aka gina shi, ba sugan shayi ba, irin su beta-glucan da mannan. Ƙwayoyin garkuwarmu kuma suna da wasu furotin a fatarsu da ake kira lectin, aikinsu kama irin wannan sugan, da sun kama sai su gane baƙo ya shigo su haɗiye shi su kira yan uwansu. Wanda aka fi sani shi ne Dectin-1, a 2001 Gordon Brown da Siamon Gordon suka nuna cewa shi ke gane beta-glucan.

A 2009 aka ba da rahoton wani gida a Holan, mata huɗu, uwa da ’ya’yanta, masu fama da candida ta gaba ko ta farce, da aka bincika sai aka tarar Dectin-1 ɗinsu ne ke da tangarɗa ta gado. A shekarar dai aka samu wani dangi a Iran da matsalar CARD9, wanda shi ke isar da saƙo cikin ƙwayar bayan lectin ya kama sugan, nasu ya fi muni don har ƙwaƙwalwa ciwon ya taɓa wa wasu. A 2013 kuma aka ba da rahoton mutum 17 daga Tunisiya da Aljeriya da Maroko masu wannan matsalar ta CARD9, su makero ne ya ratsa fata ya shiga can cikin jiki, kuma yawancinsu daga gidajen da ake auren zumunci ne. Wannan ya tsaya min a rai sosai ganin yadda mu ma muke yin auren gida.

So eh ana iya gado, amma dan Allah kar kowa ya ɗauka nasa ke nan, irin na CARD9 ba kasafai ake samunsa ba, suga da ciki da antibayotik da man bilicin mai sitiroyid su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Gwajin ma na ƙwayar halitta ne, ba na lab ɗin unguwa ba.

Hauwa Zinder: Allah ya saka da alheri. Iyayenmu ɗan wa da ’yar ƙani ne kuwa. Zan faɗa wa likitan cewa mu uku ne, da can kowa ita kaɗai take zuwa ta yi bayanin nata.

Anti Balki: Yawwa haka ya kamata, ki tafi da mama ma a kankare farcen a duba.

Maman Ikram: Na gode muku ƙwarai. Ban taɓa auna suga ba gaskiya, kuma ina shafa wani mai da ban san abin da ke cikinsa ba, yau zan ajiye shi. Litinin in sha Allah zan je da azumin safe a auna, a ɗauki swab ɗin ma, sai in dawo in faɗa muku abin da aka gani.