Neman kalmar Hausa: me za mu kira "deterrence" da "criminal propensity"?

Masu fassara sukan ce "hani" ko "tsoratarwa" idan suka ci karo da kalmar "deterrence" a rubutun masana laifuka, amma a ganina duka biyun sun gaza. Hani umarni ne kawai, tsoratarwa kuwa aikin mai hukunci take nunawa, alhali abin da ake nufi shi ne yadda tsoron hukunci ke sa mutum ya janye hannunsa tun kafin ya aikata. Kalmar da ta fi dacewa tana bakinmu tuntuni, wato "izina", kamar yadda ake cewa an hukunta wane domin ya zama izina ga 'yan baya. "Deterrence" nau'i biyu ne, wannan shi ne nau'in da ya shafi jama'a baki ɗaya, irin na gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ɗaya nau'in, wanda ya shafi wanda ya ɗanɗana hukuncin da kansa, muna da "daddara": an ɗaure shi shekara biyu, ya fito, ko ya daddara ko bai daddara ba.

Kalma ta biyu, "criminal propensity", wato yadda mutum yake kusa da aikata laifi, ita ce ta fi ba ni wahala. Da yawa za su ce "halin laifi", sai dai da zarar Bahaushe ya ji "hali" zai tuna da zanen dutse, ya ɗauka cewa hukunci ba ya tasiri a kan irin wannan mutum, kuma wannan ita ce ainihin maganar da masana ke jayayya a kanta, don haka bai kamata fassara ta yanke hukunci tun kafin a saurari hujja ba. Masana laifuka Gottfredson da Hirschi, a 1990, sun danganta yawan aikata laifi da ƙarancin kamun kai, inda aka fahimci cewa mai gaggawar biyan buƙata ba ya tsayawa lissafin ɗaurin da zai zo bayan watanni. Amma a 2004 wasu masu bincike, Wright, Caspi, Moffitt da Paternoster, da suka yi amfani da bayanan mutanen da aka haifa a Dunedin ta ƙasar New Zealand a 1972 da 1973, sun gano cewa tsoron hukunci ya fi tasiri a kan waɗanda suka fi kusa da aikata laifi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda tarbiyya ta riga ta hana shi sata, ko ya tarar da ƙofa a buɗe babu mai gadi ba zai shiga ba, saboda haka izina ba ta da aikin yi a kansa, wanda ke leƙen ƙofar shi ne ke duba ko za a kama shi. Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya, Beccaria, ya nuna cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi.

Saboda haka nake ba da shawarar "karkata ga laifi", domin karkata tana da matakai, tana ƙaruwa tana raguwa, kuma abin da ya karkata ana iya miƙar da shi. "Jinin laifi" kam a ajiye shi gefe, don yana jingina abin ga gado. Wanda babu barazanar da ke girgiza shi, "kangararre" ta wadatar. Idan aka haɗa kalmomin biyu a jimla ɗaya, za ta zama: yadda karkata ga laifi ke shafar izinar hukunci.