Jita da Siyasa: Musayar Baitoci

Mai Tikiti:
Na yanki tikitin wasan kiɗan rok don in ji jita,
Ganga ta tashi, ƙasa na girgizawa.
Can sai mai waƙa ya tsai da kiɗa,
Ya hau kan shugabanni da caccakawa.
Rabin fili tafi, rabi na ihu,
Wanda muke rawa tare ya fara janyewa.
In wa'azi nake so na san hanya,
Kiɗa na saya, wa ya roƙi faɗakarwa?

'Yar Baiti:
Yayana, haka rok yake tun da daɗewa,
Bikin kiɗan Woodstock a Amurka, 1969, ka tuna da tarihi mu jiya:
Ana yaƙin Biyetnam, matasa cikin laka,
Jitar Hendrix ta yi kukan bam da safiya.
A 1987 mawaƙi Bowie ya yi wasa jikin katangar Balin,
Lasifika na kai sauti har ɗaya shiyya.
Na gabas ba tikiti, sun taru a ƙetare,
'Yan sanda na duka, sun ƙi barin hanya.

Tsohon Makaɗi:
'Yata, sassauta yabon jita,
Masu zanga-zanga suka ka da katanga, ba mai amshi.
Kingston ta Jamaika, 1978, Bob Marley (na rege ne, na sani)
Ya kira abokan hamayyar siyasa, Manley da Seaga, kan dandamali,
Ya haɗa hannuwansu sama, fili ya ruɗe.
Zaɓen 1980 ya zo, ɗaruruwa suka tafi kabari.

'Yar Baiti:
Baba, to Belfast ta Ireland ta Arewa fa, Mayun 1998?
Mawaƙi Bono ya ɗaga hannun jagororin ɓangarori biyu, Hume da Trimble, gaban jama'a.
Kwana uku aka fita ƙuri'ar sulhu,
Kashi 71 cikin 100 suka yi na'am da ita.

Tsohon Makaɗi:
Tun Afrilu aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhun, 'yata,
Mai waƙa ya zo ne an gama wahala.

Mai Tikiti:
Ku tsaya, ban ƙarasa muku daren nan ba.
Da aka saki waƙar ƙarshe, fitilu na mutuwa,
Sai na ji hannu a kan kafaɗata,
Mutumin nan ne, gumi na tsiyayowa.
Muka yi amshi tare har murya ta dishe,
Baiti ɗaya bai kuskure ba, ni ma kuwa.
A bakin ƙofa ya ga tambarin hulata,
Ya ja tsaki, ya ce, "Sai wani wasan, in da rabon haɗuwa."