Na'urar ƙayyade gudu za ta yi mana maganin direbobin Bauchi Road?

Mai shago, Bauchi Road:
Assalamu alaikum. Shagona yana bakin titi, kusa da inda ɗaliban jami'ar Jos ke tsallakawa. Da yamma kekuna, bas-bas, masu tura baro da 'yan Islamiyya duk a kwalta ɗaya suke, amma sai wani ya taho a guje kamar yana hanyar Toro. Na san tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa (FRSC) ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. To ina amfaninta? Ko cire ta suke yi?

Direban bas:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni tana jikin motata, ban taɓa ta ba. Sai dai an saita ta ne don babbar hanya. Sai allura ta kai wajen kilomita 90 a awa take rage wa inji mai, ko ka take totur har ƙasa ba ƙari. A cikin gari kuwa doka 50 ce. Wanda ya wuce ƙofar shagonka da 70, na'urar ba ruwanta da shi.

Bakanike, Dilimi:
Gaskiyar direba. Ƙari a kai, ba ta taka birki, mai kawai take tsukewa. Tirela mai lodi in ta kama gangara, nauyinta ke jan ta, kuma kun san Jos ba a rasa gangara.

Irin wadda Alhaji ke nema akwai ta. A ƙasashen Tarayyar Turai, daga Yulin 2024 duk sabuwar mota sai da ita. Kyamara ce ke karanta allon gudu na bakin titi, ta haɗa da taswirar GPS, motar ta san an shigo unguwa. Sai ta yi ƙara, ko totur ya yi tauri a ƙafarka. Direba na iya danne ta, amma aƙalla an tuna masa. Matsalarmu, kyamarar me za ta karanta? Ku zaga daga Terminus zuwa Farin Gada ku ƙirga allunan da ke tsaye. Sannan motocinmu 'yan Beljiyam ne, kafin ƙirar 2024 ta iso hannun talaka an jima.

Malamar firamare:
Ni dai ba na son a raina bambancin 50 da 65. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi ya ninka fiye da sau huɗu tsakaninsu. Yaranmu ba za su jira sabbin motoci ba. Alhaji, ku haɗu da mai unguwa ku rubuta wa hukuma a sa allo da tudun rage gudu mai fenti, ba irin wanda matasa ke zubawa cikin dare yana fasa wa mutane tankin mai ba.

Direban bas:
Malama, a sa fentin don Allah. Mu ma ba son ɗaukar rai muke ba.