Wace Kalma Za Mu Ba Wa Bookplate a Hausa?

'Yan uwa masu fassara, abin da Turawa ke kira bookplate, ko ex libris da Latin, wato "daga cikin littattafan wane", 'yar takarda ce bugaggiya da ake mannawa a cikin bangon littafi na gaba domin a san mai shi. Al'adar ta samo asali ne a Jamus tun ƙarni na 15.

Misalin da ya tayar da maganar shi ne Archibald Primrose, wanda aka fi sani da Lord Rosebery, ɗan gidan sarauta daga Sikotlan da ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Birtaniya daga 1894 zuwa 1895. Ya tara littattafai masu ɗimbin yawa, musamman kan tarihin ƙasarsa da kan Napoleon, ya rarraba su a gidajensa irin su Barnbougle da Durdans, kuma bayan rasuwarsa a 1929 masu cinikin tsofaffin littattafai kan gane nasa da wannan takarda da ke manne a bango, abin da ke ƙara wa littafin daraja a kasuwa.

Wasu sun kawo "hatimi", amma hatimi dangwala shi ake yi da tawada, kamar yadda sarakuna suke yi a wasiƙunsu, alhali wannan mannawa ake yi, don haka gara a bar hatimi ga littattafan da aka dangwala wa alama kai tsaye. "Takardar mallaka" kuwa za ta kai hankalin mai karatu ga fili ko gida. Akwai wanda ya ce "liƙi", sai dai wannan kalma makaɗa da mawaƙan biki sun riga mu kama ta.

Ni dai na fi karkata ga "tambarin mai littafi". Irin waɗannan takardu na manyan gidajen Birtaniya galibi suna ɗauke da garkuwar zuriya da kambin muƙami da ɗan kirarin gidan, kuma kalmar tambari ta daɗe tana tafiya da sarauta a Hausa kafin ta ɗauki ma'anar alamar hukuma ko kamfani. Kalmar "mai" wajibi ce a nan, domin idan aka ce "tambarin littafi" kawai, za a ɗauka alamar kamfanin ɗab'i ake nufi.

A jumla sai a ce: wannan kwafin yana ɗauke da tambarin mai littafi na Rosebery, daga ɗakin karatunsa na Durdans.