Matasa suna barin sujadar Hausa, dattawa sun ce kada a taɓa ta. Yaya zan yi?

Salama gare ku, 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Ni fasto ne, ban daɗe da zuwa wata ikilisiya a nan Jos ba. Sujadarmu ɗaya ce, da Hausa, da Littafin Waƙoƙi. Ina hawa bagade sai in ga kujerun baya wayam, matasan da suka tashi a makarantar Lahadinmu sun koma majami'un da ake sujada da Turanci. Na kawo maganar ƙara sujadar Turanci da safe, wani dattijo ya ce haka suka gada, haka za su bari. Tsofaffin nan da guminsu aka gina wurin, ba na so in ɓata musu rai. Amma yaran suna tafiya ina kallo. Ku ba ni shawara.

Rabaran mai ritaya, Bukuru:
Ɗana, kada ka kuskura ka sanar da wannan daga bagade. Bi dattawan gida gida, ka zauna, ka sha ruwansu, ka tambayi kowa inda jikokinsa suke sujada. Amsar da za su ba ka da bakinsu ta fi wa'azinka aiki. Sannan ka tuna musu a hankali cewa Hausar da suke karewa, ita ma canji ce. Iyayenmu Berom ne, Ngas, Tarok, Mwaghavul, kowa da harshensa. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka sake fassara shi a 1979, kuma ikilisiya ba ta rushe ba. Karanta musu Ayyukan Manzanni sura 6. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu. Manzanni ba su tsawata musu ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai aka ba su aikin.

Wata uwa daga Zumuntar Mata:
Baba Fasto, ni dai ina da ja. Mun raba sujada a wurinmu, yau jikata ba ta iya waƙar Hausa ko ɗaya ba, ban ma san me aka koya mata da safe ba. Muna fita suna shiga, kamar baƙi a tashar mota. In za ka raba, don Allah ka riƙe Lahadi ɗaya a wata kowa ya haɗu, musamman ranar Jibin Ubangiji. Mu buga tulu da kacau-kacau, su kaɗa jitarsu.

Wani matashi, Tudun Wada:
Baba, da girmamawa, ba Turanci kaɗai ba ne. Yawancinmu da Hausa muke hira. Abin da ke korar mu shi ne ba a tambayar mu komai sai in za a ɗauki benci ko a share fili. Mun gama makaranta ba aiki, abokanmu suna faɗa wa ƙwaya, wa'azi bai taɓo wannan ba. Ko da Hausa ne, a yi mana magana a kan abin da ke damun mu, za mu zauna.

Wani sakataren ikilisiya:
Duba tsarin mulkin ɗarikarku tukuna, ka kuma sanar da na sama da kai kafin majalisar ikilisiya ta zauna. Ka nemi gwaji na wata uku, a rubuta a littafin taro. Dattijo ya fi saurin yarda da abin da ya san zai iya janyewa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Maganar matashin nan ta taɓa ni ƙwarai. Zan fara ziyarar dattawa wannan makon, zan kuma roƙi majalisa ta saurari matasa biyu a zama na gaba. Mama, yaya kuke yi da wa'azi ranar haɗuwa, tafinta kuke sawa?