Lincoln ya ƴanta bayi a 1863, to me ya hana su barin gonakin auduga?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa Shugaba Abraham Lincoln ya ƴanta bayin Amurka a 1863, kuma a zamanin ne masana'antu suka bunƙasa a arewacin ƙasar. To me ya sa har 1910 kusan kashi 90 cikin ɗari na baƙar fata suna nan a Kudu, yawancinsu suna noma cikin talauci? Me ya hana su tafiya neman aiki?

Malamin tarihi, Birni:
Wa alaikumus salam ɗana. Fara da gyara shekarar. Sanarwar 1 ga Janairu 1863 ta shafi jihohin Kudu da suka yi tawaye a yaƙin basasa ne kawai, ba ta taɓa bayin Kentucky da Delaware da Maryland da Missouri ba. Abin da ya soke bauta a ƙasar baki ɗaya gyaran tsarin mulki na 13 ne, a Disamban 1865. Na 14 ya ba su zama ƴan ƙasa a 1868, na 15 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata a 1870.

Amma mutum kusan miliyan 4 aka saki, ba gona, ba dabba, ba iri. A Janairun 1865 Janar Sherman na sojan tarayya ya ba da umarnin raba wa ƴantattun bayi filayen gaɓar teku a Carolina ta Kudu da Georgia, eka 40 ga iyali, wajen hekta 16. Kimanin mutum 40,000 suka zauna a kai. Bayan kisan Lincoln, Andrew Johnson, wanda ya gaje shi a shugabanci, ya yafe wa masu gandu, aka mayar musu da mafi yawan filayen. A ganina nan ne aka karya lamarin, sauran duk biyo baya ne. Gwamnatin da ta ce ba ta iya ba ƴantattu fili ita ce ta ba kamfanonin jirgin ƙasa sama da eka miliyan 100.

Manomiya, Sabon Gari:
Malam ya faɗi tushe, bari in nuna yadda igiyar ke ɗaurewa. Mai gandu zai ba iyali yanki, da bukka, da alfadari, da garma, da iri, a kan a raba auduga biyu da kaka. Kafin kaka me za su ci? Sai kantin mai gandu ko na wani ɗan kasuwa: garin masara, naman gishiri, yadi, duk bashi, kuma farashin bashi ya fi na kuɗi hannu nesa, ga ruwa a kai. Jinginar ita ce audugar da ba ta ma tsiro ba. Wanda ya san manomin da ke cin tiya ɗaya ta gero da damina ya biya biyu da kaka ya gane wannan.

Mai gandu ke riƙe da littafi, shi ke awo, shi ke sayarwa. Manomin yawanci bai iya karatu ba, tun da dokokin jihohi da dama sun hana koyar da bawa. Ranar lissafi a ce masa rabonsa bai kai bashin ba, saura ya hau kan baɗi. Mai kanti kuwa ba ya yarda a shuka abinci a madadin auduga, don ita ce ke zama kuɗi. Kowa ya shuka ta, farashi ya yi ta faɗuwa har cikin shekarun 1890, ƙasa ta gaji. Fararen talakawa ma da yawa sun faɗa wannan ramin.

Ɗan Zango:
Na gode Hajiya. Amma ai yana iya guduwa Arewa da bashin nasa?

Ɗalibin shari'a, Garin Malam:
Ba sauƙi, ƙanena. Jihohin Kudu sun yi dokokin zaman banza da na karya yarjejeniyar aiki. A kama mutum, a ci shi tarar da ba ya iya biya, sannan a ba da hayarsa ga kamfani. Gyara na 13 kansa ya bar ƙofa: an hana aikin tilas sai ga wanda kotu ta hukunta. Da irin waɗannan fursunoni aka haƙa kwal a kewayen Birmingham ta Alabama, kuma jihar ba ta daina ba sai 1928.

Arewa kuma ba ta jira su ba. A shekarun 1880 kaɗai mutane sama da miliyan 5 suka ƙaura zuwa Amurka, galibi daga Turai, su masana'antun ƙarfe na Pittsburgh da mahautan Chicago suka fi ɗauka, ƙungiyoyin ma'aikata da yawa kuma ba sa karɓar baƙar fata.

Wa zai kai kuka? An janye kariyar sojan tarayya daga Kudu a 1877. Mississippi, wadda ta aika Hiram Revels, baƙar fata na farko da ya zama sanata, majalisar dattawa a 1870, ita ce ta sa harajin zaɓe na dala 2 da jarrabawar karatu a 1890. A Louisiana baƙar fata masu rajistar zaɓe sun kai wajen 130,000 a 1896, zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Ƙaura mai yawa ta fara ne wajen 1916, da yaƙin duniya na farko ya tsayar da masu zuwa daga Turai, masana'antun Arewa suka shiga aika wakilai Kudu neman ma'aikata.