Ozon zai rage mana dagwalo a majema kuwa?

Mai Tanki:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da tankunan ruwan ƙazanta a wata majemar fata da ke Challawa, nan Kano. Dagwalo ya ishe ni. Jiya na tsoma sandar awo a tankin da yake kwanciya, ya haura rabi, ga filin shanya ya jiƙe da ruwan sama, wari har cikin ofis. Wani ɗan kasuwa ya kawo mana takardar injin ozon, wai zai rage dagwalon ya kuma kashe launin ruwan. Maigida ya ce in bincika. Ruwan nan kogi yake gangarawa, masu lambu na ban ruwa da shi, shi ya sa nake tsoron kuskure.

Injiniya Babba:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. Ozon iskar oksijin ce mai ƙwayar zarra 3 maimakon 2, ba ta ajiyuwa, a wurin ake haɗa ta da tartsatsin lantarki. Ana ɗibar wani kaso na dagwalon da ake mayarwa tankin hura iska, inda bakteriya ke cin ƙazantar ruwan, a busa masa ozon. Sai fatar bakteriyar ta fashe, abin cikinta ya zube, rayayyun da ke tanki su cinye. Ka ga abin kwashewa ya ragu. A Japan aka fara gwada wannan a shekarun 1990. Wajen tsabtace ruwa kuwa tsohon hannu ne, tun 1906 birnin Nis na Faransa ke amfani da shi a ruwan sha. Amma yashi da ƙarfe ba ya kawar da su, suna nan a ciki.

Hajiya Mai Lab:
Ɗan'uwa, dakata tukuna. Da kurom, sinadarin ƙarfen nan, kuke jima ko da bagaruwa? In kurom ne, iri-iri ne, wanda ke cikin dagwalonku mai lamba 3 ne, da sauƙin illa. Ozon na iya mayar da shi mai lamba 6, wanda ke narkewa a ruwa, ya bi kogi, kuma yana jawo ciwon daji. Wallahi gara warin da wannan. Ku raba ruwan kurom daban tun daga gangar jima, ku kwantar da shi da laim, wato farar ƙasa, ku kwashe. Sauran ruwan ne za a yi wa maganar ozon, shi ma a kai lab a auna kafin da bayan.

Injiniya Babba:
Hajiya ta faɗi abin da na tsallake. Ƙari kuma, wuta. Kilo ɗaya na ozon kan ci wajen yunit 10 ko fiye, a janareta ka lissafa dizal. Yana cin roba, sai bututun ƙarfe mara tsatsa. In ya tsiyaya kuma huhun yaranka zai taɓa, dole a sa na'urar da ke kashe ragowar iskar.

Mai Tanki:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Hajiya, kurom ne, kuma duk magudanarmu ɗaya ce. Gobe zan nuna wa maigida inda za a fasa siminti a raba kwatar. Takardar injin na sa ta a durowa tukuna.